Kyanwar da ke jiye wa Inna sallama

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Sai na fara da wannan, domin in ba a san shi ba, sauran labarin ba zai zauna daidai ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zaman hira da shi kamar yadda take yi da ƙannensa. Matasan yanzu, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, dariya abin yake ba su. Inna kuwa ta riƙe shi yadda ta karɓa daga uwarta, wadda a goye aka taho da ita daga ƙasar Sakkwato. Tun ina yaro har na fara furfura, in na gaishe ta, amsarta ba ta wuce biyu: "To," ko "Madalla." Idan tana da magana da ni, sai ta nemi wani a kusa ta gaya masa ina ji. Da can ƙanwata take gaya wa. Da ƙanwata ta yi aure ta koma birnin Sinnar, sai Inna ta koma gaya wa kyanwa.

Kyanwar ruwan toka ce mai farin wuya. Inna tana ce mata mussa, 'ya'yana suna ce mata kadisa. In na shigo da safe, na durƙusa daga gefe kaina a ƙasa, na gama gaisuwa, sai in ji Inna ta ce, "Ke mussa, gaya wa mai gidan baya rufin rumfa na yoyo." Mai gidan baya ni ne. Gidana yana bayan nata, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ƙofata tana kallon wani titin, sai an zagayo. Kyanwar ba ta taɓa fitowa ta isar da saƙon ba, domin duk sadda na shigo tana ƙarƙashin gado. Ni dai in ji, in tashi, in gyara rufin kafin la'asar.

Akwai kare kuma, ja, mai tabo a hanci. Mahaifina ne ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Da ragamar gida ta dawo hannuna na kafa wa karen doka uku. Ba ya shiga gida. Ba ya sha a kwanon da mutum ke amfani da shi. Ba ya kwanciya a ƙofar Inna, don nan ce hanyar masu zuwa masallaci. Biyun farko ya riƙe su. Ta ukun kuwa sai in ina nan. Da ya hango ni daga kwanar titi zai tashi daga gindin dalbejiyar da ke ƙofar, ya tsallaka wancan gefen, ya kwantar da kunnuwa, ya yi tsit. In na wuce ya dawo. Na sani, amma na bar shi, tunda a gabana yana bin doka.

Tabon hancinsa kyanwar ce ta yi masa. A ƙarƙashin ƙofar Inna, wadda ta kwano ce, akwai kafa kamar tafin hannu. Yana ƙarami ya cusa hanci ta nan yana kaɗa wutsiya. Kyanwar tana ciki ita ma tana kaɗa tata. Shi a wajensa kaɗa wutsiya murna ce, sai ya ɗauka an yi masa maraba. Ita a wajenta gargaɗi ne na ƙarshe. Ya ƙara matsowa, ta yakushe shi. Mahaifina ya yi dariya har da tari, ya ce kowa da harshensa. Damina ɗaya suka ɗauka kafin su gane wa juna. Daga baya nakan ga hancinsa ta waje, nata ta ciki, su shinshini juna, ta lumshe ido, shi kuma ya kwantar da haɓarsa a ƙasa. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ina da hawasha, wato gonar da aka yanka mana a cikin aikin ruwa na Suki, ina da layin ban ruwa da zan kiyaye. Wasan dabbobi ba ya cikin lissafina.

Abin da aka san Inna da shi a ƙauyenmu shi ne amsa sallama. Ba a kai ƙarshen sallama a ƙofarta ba ta amsa ba. Baƙo bai gama zama ba ta jawo murhu ta ɗora jabana, kofi mai citta da take dakawa da kanta. Mata sukan ce ƙofar gidanta ba ta san jira ba. Ita ma tana ji da wannan, ko da yake ba ta faɗa.

A shekarar da nake magana, wadda ita ce shekarar da wayar hannu ta fara kamawa a ƙauyenmu in an hau bakin tur'a, gyaɗa ta yi kyau. Muka tuge ta muka tara a hawasha, ga makiyaya suna gangarowa da shanu kamar yadda suke yi in ruwa ya ɗauke. Na ga cewa ga kare yana zaman banza a ƙofar gida, ga amfanin gona ba mai tsaro. Na ɗaura masa igiya, na ja shi a bayan jaki, na ɗaure shi a turken bukkar gona. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. Har daɗi na ji cewa doka ta uku ta samu cika.

Abubuwa uku suka biyo baya, kuma zan kawo su yadda suka zo.

Kwana biyu da tafiyar kare, wata maƙwabciya ta zo aron rariya. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Da yake mace ce kuma ta gida, sai ta tura ƙofa. Ta tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana yankan kuɓewa, ta ba ƙofa baya. Da ta dafa kafaɗarta Inna ta zabura har wuƙa ta faɗi. Matata ce ta ba ni wannan labarin, na ce gyangyaɗi ne.

Bayan mako guda awaki suka sami ƙofar a sakaye suka shiga. Suka cinye kuɓewar da ta shanya a tabarma, taku huɗu daga bayanta, ba ta waiwayo ba sai da suka gama. Wannan ma na ce gyangyaɗi ne, amma ban yarda da kaina sosai ba. Ni ma sau biyu na shigo gaisuwar safe na same ta ba mayafi a kanta, abin da ban taɓa gani ba, ta yi firgigit ta rarumo shi. Kyanwar kuma ba ta ƙarƙashin gado. Tana bakin ƙofa, hancinta a kafar nan, sai da na shigo ta gan ni sannan ta ruga. A ɗaya daga cikin ranakun Inna ta ce, "Ke mussa, tambayi mai gidan baya yaushe za a gama gyaɗa." Na ce saura mako uku. Na ɗauka amfanin gona take tambaya.

Na uku shi ne Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ke zaune a garin Mai Wurno. Sau biyu yake zuwa a shekara. Shi da Inna abokan wasa ne, kamar yadda ƙanen miji yake da matar wansa, kuma in suka haɗu har maƙwabta sukan leƙo don jin tsiyar da za su yi wa juna. Ranar na gan shi a masallaci da azahar, jakarsa a gefensa.

Na ce, "Baffa, yaushe a gari? Ba ka sauka gida ba?"

Ya ce, "Wane gida?"

Na matsa kusa da shi.

Ya ce, "Sallama uku na yi, ɗana, irin wadda aka koya mana. Ina hangen bayanta ta jikin ƙofa tana tsintar wake. Ko motsi. Shekara hamsin ina tsokanar matar nan tana ramawa, yau ko zagi ban samu ba. In laifi na yi a gaya mini. In kuwa don yayana ba ya nan ne aka daina sanina, halas, shi ke nan, na gane."

Na roƙe shi ya zo gidana ya ci abinci. Ya ce wanda aka yi wa shiru a ƙofar babba ba ya cin abinci a ƙofar ƙarami. Ya bi motar la'asar ya koma.

Na tafi wajen Inna raina a ɓace. Na durƙusa inda na saba, daga gefenta na hagu, kaina a ƙasa. Na gaya mata Baffa ya zo, ya yi sallama uku, ya koma da fushi. Ta ce, "To." Na tambaye ta ko akwai abin da ya yi mata. Ta ce, "Madalla." Na fita na yanke hukunci cewa tsufa ya taɓa hankalinta.

Da yamma na hau bakin tur'a na kira ƙanwata. Ta yi kuka, ta ce, "Yaya, kawo ta wajena. Nan ga asibiti kusa, ga ɗaki ba kowa. Kada wata rana ta ƙone a bakin murhu muna ji muna gani." Na ga maganarta a kan hanya take. Muka tsayar cewa da an gama gyaɗa zan kawo ta da kayanta gaba ɗaya.

Washegari na je na yi wa Inna bayani dalla-dalla, don ba na son a ce na yi abu a bayanta. Na faɗi dalili, na faɗi rana, na faɗi abin da za a ɗauka da abin da za a bari, na ce in ba ta so ta faɗa. Ta ce, "To." Na koma gida na gaya wa matata Inna ta yarda.

Matata ta ajiye muciyar hannunta. Ta ce, "Inna? Inna da ta ce daga ɗakin nan za a fitar da gawarta?"

Na ce, "Da bakinta ta ce to."

Ta ce, "Malam, ka bari in sake tambayarta."

Na ce magana ta ƙare, ba a maimaita wa babba abin da ya riga ya amsa. Haka nake a lokacin. In na jera abu ba na son a taɓa shi.

Ran Alhamis muka zuba gyaɗar ƙarshe a buhu. Na kwance karen, tun da aikinsa ya ƙare. Bai tsaya jirana ba, ya kama hanyar ƙauye a guje. Motar Sinnar ta Asabar ce, don haka bayan azahar na ɗauki igiyoyi, ni da matata muka zagaya gidan Inna don haɗa kaya. Karen yana gindin dalbejiya. Ya hango ni ya tsallaka titi. Da na shiga, kyanwar tana ƙarƙashin gado, Inna tana zaune da mayafinta a gyare, ta juya gefe yadda ta saba. Na ce a raina yau da sauƙi.

Muka fara da akwatinta na ƙarfe, sannan tukwane, sannan turmin kofi. Inna tana kallon hannun matata. Na lura tana jan carbi da sauri. Na ɗauka zafin rabuwa da gida ne.

Tun da na yi aure ban taɓa daɗewa a tsakar gidan nan kamar ranar ba. Gaisuwa ce, in fita. Da zamana ya yi tsawo, kyanwar ta gaji da ɓuya ta fito ta kwanta a gefen ƙafar Inna. Karen ma ya manta da ni ya dawo ƙofa. Ina tsugune a bayan Inna ina ɗaure tabarmi, sai na ji wutsiyarsa tana bugun kwanon ƙofar, a hankali, kamar ana taɓa ganga. Kyanwar ta ɗaga kai, ta miƙe, ta tayar da wutsiya tsaye, ta nufi ƙofa tana tafiyar ƙasaita. Inna ta dube ta, ta ɗaga murya ta ce, "Wa alaikumus salamu, bisimilla, shigo."

Ba wanda ya yi sallama. Mai kawo mata ruwa a amalanken jaki ne ya wuce, karen ya san shi, ya gaishe shi. Ina jin ƙarar ƙafar amalanken har ta yi nisa. Tunanina na farko shi ne, ga shi nan, tana amsa wa wanda babu. Amma ni mutum ne da idona ke riƙe abin da ya riga wani. Wutsiyar kare ce ta fara, kyanwa ta biyo, idon Inna ya bi kyanwa, sannan bakinta ya buɗe. Na ajiye igiya na zauna ina jira.

Ba a daɗe ba karen ya yi haushi, mai kauri, sau uku a jere. Kyanwar ta yi tsalle ɗaya ta haye rufin rumfa, gashin wutsiyarta a tashe. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce wa matata, "Baƙo ne, ba na gida ba. Duba." Sai bayan ta faɗi haka muka ji sallamar wani mai tallar robobi.

Da matata ta sallame shi ta dawo, na yi mata nuni ta ɗauke kyanwar ta kai ta bayan ɗaki. Na tsaya a bayan Inna, inda inuwata ba ta kai gabanta ba. Na ce, "Inna," a hankali. Na sake da ƙarfi. Na uku na yi shi kamar mai kiran wani a ƙetaren tur'a. Carbinta bai tsaya ba. Har yau in na tuna na yi wa uwata ihu a bayanta don gwaji, kunya takan kama ni.

A nan komai ya jeru mini. Matan unguwa gaba da gaba suke zama da ita, tana kallon bakinsu, suna magana a kan abin da ke hannunsu, don haka ba su ga wani abu da ya wuce nauyin kunne na tsufa ba. Ni kaɗai ne nake zama daga gefe ina magana da ƙasa, ni kaɗai ne kuma ba ta iya kallon bakina. Shekara nawa take amsa mini da to da madalla ba ta san me na ce ba, ban sani ba. Ni kuma ban ga bambanci ba, don da su na girma. Sai ga shi na ɗauke mata kare da hannuna, na kuma ɗauki "to" na mayar da shi yarda.

Na zagayo gabanta. Na tsuguna kusa har gwiwata ta taɓa tabarmarta, na ɗaga fuskata. Abin ya yi mini nauyi, ita ma haka. Ta kawar da kai. Matata ta sauke kyanwar, ta zo ta goga jikinta a ƙafar Inna, tana harare na amma ba ta gudu ba. Na taɓa kunnena da yatsa, na nuna nata. Ta gani ta gefen ido.

Ta daɗe tana shafa bayan kyanwar. Sannan ta ce, "Ke mussa, gaya masa damina uku ke nan."

Ta dubi kayan da aka ɗaure. Ta ce, "Tambaye shi kuma mi na yi, da za a ɗaure mini kaya ba a ce mini komai ba. Ina za a kai ni?"

Matata ce ta zauna a gabanta ta yi mata bayani a hankali, tana buɗe baki sosai, tana nuni da hannu. Da ta gane Sinnar ne, sai ta ce, "Abin da na gudu ke nan. In an sani za a ce ba ta iya zaman gida. A kai ni inda ban san kowa ba, in zauna a ɗaki kamar buhu. Nan ko ban ji ba, wagga mussa na jiye mini, wancan kare na waje yana gaya mata."

Sai matata ta gaya mata zancen Baffa. Wannan ne bai taɓa isa gare ta ba, duk da dogon bayanin da na yi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ya zo? Ya tsaya a ƙofata ya koma bai sha jabana ba?" Maganar kunnenta ba ta sa ta kuka ba. Wannan ce ta sa ta.

Na tashi na fara kwance igiyoyi. Na fara da tabarmi, waɗanda su na ɗaure a ƙarshe, na ƙare da akwatin ƙarfe, na mayar da kowane abu inda na same shi. Turmin kofi ita ta karɓa da hannunta ta ajiye a gefen murhu.

Ƙanwata ba ta yarda nan da nan ba, kuma ba ta yi kuskure ba. Ta ce kare da kyanwa ba za su kashe wuta ba in zaninta ya kama. Muka daidaita a kan abu biyu. Na kai Inna Sinnar na wuni ɗaya likita ya duba ta, ya ba ta wani ɗan abu da ake sa wa a kunne. Ta sa shi kwana huɗu, ta ce yana cika mata kai da ƙarar ruwan sama, ta jefa shi a gwangwanin allura. Sannan na fasa katangar da ke tsakaninmu na yi ƙaramar ƙofa, yadda matata za ta riƙa hango ta daga madafa. Doka ta uku na soke ta. Na sa wa karen kaskon ruwa a gindin dalbejiya. Da wani dattijo ya yi mini ƙorafi a masallaci na ce ya bi ta ɗaya gefen titin, akwai fili. Gyaɗar shekarar da ta biyo baya ni na kwana a kanta.

Na je Mai Wurno da kaina na gaya wa Baffa. Ya saurara har ƙarshe, ya share fuska da hularsa, ya ce, "Ni da na yi ta tsara maganar da zan gaya wa yayana a lahira." Ran Juma'a ta gaba ya biyo ni.

Muna isa kwanar titi na tsaya na bar shi ya yi gaba shi kaɗai. Karen ya san shi. Wutsiya ta bugi ƙofa. Bai kai rabin sallama ba muka ji muryarta daga ciki. Da na shigo daga baya na same shi zaune a gabanta yana ɗaga murya.

"Tsohuwa, ashe kare kika naɗa waziri!"

Ta kalli bakinsa ta ce, "Ya fi ka zumunci. Shi kullum yana ƙofa, kai sau biyu a shekara."

"An ce kin kurumce."

"Allah ne ya hutar da ni da surutunka."

"To ai shi ke nan, yanzu sai in aure ki, ba za ki ji faɗana ba."

"Da wane haƙorin za ka ci kisrar da nake toyawa?"

Ya sha jabana kofi uku, ya kwana biyu.

Daga nan na fara daɗewa a gidan bayan la'asar, ina zaune daga gefe ina kallo. Na gane cewa kyanwar ba ta yi wa karen kuka ko kaɗan, da hanci da ido suke gamawa. Kukanta na mutane ne, kuma da ta ga Inna ba ta waiwayowa in ta yi shi, sai ta daina, ta koma dafa mata gwiwa da hannu. Na gane in awaki ne karen gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, kyanwar ba ta tashi, kunnuwanta kawai ke juyawa baya, Inna kuma ta miƙa hannu ta ɗauki sanda. Na kuma gane nawa. In karen ya yi tsit ya bar ƙofa, kyanwar takan ga hasken kafar ya buɗe, ta shige ƙarƙashin gado. Da wannan uwata ke sanin ɗanta na fari ya iso. Ban ji daɗin sanin haka ba.

Sai na shiga gyara. In na je bakin kogi nakan sayo kifi, in ajiye wa kyanwar kai, in jefa wa karen ƙashi. Wata biyu ina yi ba fashi. Wata safiya na zagayo, karen bai tsallaka titi ba. Ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ya ɗaga gindi, wutsiyarsa ta bugi ƙofa. Na shiga na ci karo da kyanwar wutsiya a tsaye. Inna tana zaune kai ba mayafi, ta ce, "Shigo, 'yar uwa, yau kin yi sammako." Ta ɗago, idonta ya faɗa cikin nawa sosai, abin da ban san ya taɓa faruwa ba tun ina goye. Ta rarumi mayafi ta juya gefe. Na ga kafaɗunta suna motsi, dariya take yi.

Da ta natsu ta ce, "Ke mussa, gaya wa mai gidan baya ya daina ɓata ki da kifi. In kin daina ɓuya, da mi zan san shi ne?"

Na yi tunani a kan wannan kwana biyu, sannan na tsara abin. Kifin ban daina saye ba, amma matata nake ba ta kai musu. Ƙaramar ƙofar katanga ta mata ce da yara, ni ban bi ta nan don gaisuwar safe. Nakan fita ta ƙofata in zagayo titi kamar da. In na kai kwana sai in ɗaure fuska, in yi gyaran murya, in buga ƙafa a ƙasa sau biyu. Cikin mako guda karen ya gane. Yakan tashi ya tsallaka titi ya kwantar da kunnuwa, amma kan wutsiyarsa yana share ƙasa a hankali, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Damina shida Inna ta ƙara a ɗakinta, kuma daga cikinsa aka fitar da ita, yadda ta ce. Duk safiyar waɗannan shekarun haka na yi. In buga ƙafa, in ba kyanwar lokacin da za ta kai ƙarƙashin gado, sannan in tura ƙofa. In tarar da Inna ta gyara mayafi, ta juya gefe, ta matsar mini da tabarma.